Jamhuriyar da Aka Kafa da Kwanukan Jerena

A layinmu na Hayin Banki, a shekarun da nake ba da labari, magidanci ba ya cin tuwon dare a cikin gidansa. Da an idar da sallar magariba kowa zai fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a dakalin Baba Dubagari, a jera kwanuka a tsakiya, a ci na gidan wannan a koma na gidan wancan. Ciyayya ke nan. Mu mata mu sha hayaƙi mu tuƙa, su su cinye, sannan su gyara zama su yi wa tuwon shari'a kamar su suka hura wutar.

Wanda bai zauna a irin layin nan ba zai ɗauka cin abinci ne kawai. Ina! Kwanon nan da ke fita shi ne shaidar gidanka na tsaye. Gwauro ya zo ya ci, ba mai kallonsa. Baƙo ya zo ya ci, an ji daɗi. Amma mai mata da 'ya'ya ya zauna hannu rabbana, to daga ranar ya tashi daga maigida ya koma abin tausayi, ko gardamar ƙwallo ake yi ba mai sauraren bakinsa.

Shi Baba Dubagari sunan aikinsa ne ya bi shi. Tun zamanin Turawa yake yawo gida-gida da gajeren wando, yana buɗe randunan mata yana neman tsutsar sauro, in ya gani ya sa a kifar da ruwan, ya kuma kai mijin ƙara. Turawa suka tattara nasu ya nasu suka tafi, shi ma ya yi ritaya, amma hannun nan nasa bai yi ritaya ba. Dakali nasa ne, tabarma tasa ce, saboda haka ba a buɗe kwano sai shi. Zai jawo shi gabansa, ya ɗaga murfi, ya haska da tocila, ya shinshina, sannan ya yanke hukunci da ƙarfi yadda har mai sayar da kananzir a bakin titi zai ji.

"Na gidan wa? Direba, matarka ta yi faɗa da gishiri ne?"

"Tela, naman nan zama ya yi a miyar ko wucewa ya yi?"

Kowa ya yi dariyar dole, shi kuwa ya naɗe hannun riga ya fi kowa girman loma. Duk ina ji, don tagar ɗakina titi take kallo, tsakaninta da dakalin kwata ce kawai. Shekara da shekaru ina jin ana yi wa miyata tanka, ban taɓa damuwa ba, saboda na san abin da na zuba a tukunya. Maigidana akawu ne a ma'aikatar gwamnati, ni kuma ina buga tafireta a ofishin wata makarantar 'yan mata. Ba mu yi arziki ba, amma miyarmu tana da ido.

Sai sojoji suka dawo mulki suka ce ma'aikata sun yi yawa. Sunan Malam, maigidan nawa, ya fito cikin waɗanda aka sallama. Albashina kuwa dama sai ya ga dama yake zuwa. Nama ne ya fara yi mana sallama, man gyaɗa ya bi shi, muka koma kuka da daddawa da tawakkali. Na koyi dabarar ƙashi: in saya guda mai kauri wurin mahauci, in tafasa miya da shi, in sa shi a saman kwanon fita don ya yi kwarjini, in kwano ya dawo in wanke shi in ajiye don gobe.

Wata magariba ina zaune bakin taga na ji an ɗaga murfin langata. Sai muryar Baba:

"A'a! Akawu, ai ƙashin nan na san shi. Shekaranjiya muka gaisa da shi, jiya ma ya zo. Ka tambaye shi iyalinsa lafiya?"

Ranar ba dariyar dole aka yi ba, ta gaske aka yi, har da mai shaƙewa. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam ya shigo da kwanon a hannu, ya zauna a bakin gado da hularsa a ka. Na ce, "Malam, don Allah ka daina fitar nan. Mu ci abinmu a ɗaki, wa ya aike mu?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "In daina fita a ce na faɗi? Aiki aka karɓe mini, ba gida ba. Ko ruwan zafi za ki dafa, kwanon nan sai ya fita."

To, a wannan halin muke Madam ta kawo mana ziyara. Madam 'yar ƙasar Filifin ce, tana koyar da lissafi a makarantarmu. A lokacin an kawo irinsu da yawa Kaduna, malamai da nas-nas da injiniyoyi. Gajeriya ce, ba ta rabuwa da laima ko rana ko ruwa, shinkafa kuwa sau uku take ci a yini ba ta gajiya. Yaran layi suna binta suna kiranta 'yar Caina, ta gaji da gyara musu ta haƙura. Mun saba ne a ofis, don ni nake buga mata takardun jarrabawa, kuma Allah ya jarrabe ta da son ɗanwake. Ranar Asabar ɗin nan shi ta zo ci.

Bayan ta gama na tashi ina naɗe asabarin da muka zauna a kai, sai ta kwashe da dariya. Ta ce, da 'yar Hausarta mai haɗe da Turanci, kakanta da irin wannan ya ci yaƙi. Malam yana gefe a kujera yana karanta tsohuwar jarida karo na ban san nawa ba, ya sauke ta.

Ta ce tsibirinsu na masu noman rake ne. Turawan Sifaniya sun fi shekara ɗari uku suna zaune a kan ƙasarsu. Da ƙarfin Turawan ya fara ƙarewa, sai masu manyan gonaki suka tara ma'aikatansu za su kori gwamna, amma bindigogin kirki ba su taka kara sun karya ba. Sai suka nannaɗe asabarai, suka shafe su da baƙin fenti, suka ɗora a kan amalanke kamar igwa. Suka sassaƙa rassan kwakwa kamar bindiga, kowa ya saɓa a kafaɗa, suka nufi gari a jere. Gwamna ya hango su daga nesa, ya ga igwa baƙa ƙirin, ya tsorata, ya miƙa wuya. Kakanta yana cikin masu tura amalanke. Suka kafa jamhuriyarsu, da tuta, da shugaba, da ministoci, da komai.

Malam ya matso da kujera. "Ikon Allah! Da tabarma? To sai aka yi yaya?"

Ta ce sai aka yi abin da aka saba. Sifaniya ta riga ta sha kashi a hannun Amurka, su biyun suka zauna a wani birni can Turai, aka miƙa ƙasar gaba ɗaya daga wannan hannu zuwa wancan, ba ɗan ƙasar ko ɗaya da ya sa baki. Shugabannin tsibirin kuwa, da suka ji tsoron kada rikici ya ci musu gonaki, da ƙafarsu suka je suka roƙi Amurkawa su zo su tsare su. Ba a daɗe ba tutar baƙi ta hau sama. Kakanta ya koma saran rake.

Na lura Malam tun daga wurin igwa ya daina ji. Idonsa yana kan asabarin da ke hannuna, yana ƙyalli. Ya ce, "Kuskurensu ɗaya ne, ba su tsaya da ƙafarsu ba." Maza ke nan. Ka ba su labari da kai da wutsiya, su ɗauki inda ya yi musu daɗi su bar maka sauran.

Kwana biyu sai na ga ana ƙus-ƙus a zaurenmu. Malam ne da tela, wani Bazamfare siriri mai saurin fushi, da direba Bakatsine mai jan motar haya zuwa Zariya. Duka biyun Baba ya sha tsige musu mata a bainar jama'a. Tela yana cewa, "Wanga tsoho ya ishe mu, wallahi!" Malam ya ce abin da ake bukata juyin mulki ne. Direba ya zabura ya leƙa waje ya dawo. "Kai, Akawu, rufa mana asiri! A zamanin nan? Ka ce gyaran zama, kada a kwashe mu a kan tuwo."

Suka tsara dokarsu, kuma a nan kam na sara wa mijina. Doka ɗaya ce tak: ba mai buɗe kwanon wani a gaban mutane. Kowa ya shigo da nasa zaure, a juye duka a babban tire guda, a fito da shi a ci. Ba wanda zai san tuwon gidan wa yake ci, balle ya san miyar wa ce ba nama. Suka naɗa Malam shugaban ƙasa. Tela ya zama ministan tabarma, direba ministan buta da ruwan wanke hannu. Ƙasar kuwa ita ce ƙofar gidanmu, daga bakin zaure zuwa bakin kwata.

Matsalar ita ce mutum uku da kwano uku sun fi kama da zaman makoki. Sauran mazan layi ba za su bar dakali su tsallako ba sai sun ga abin da ya fi. Da yamma Malam ya shigo ɗaki yana sosa ƙeya, ya tsaya gaban kabet ɗina yana kallo.

Jerena ne a ciki. Samiru da langogi da uwata ta yi shekaru tana tara mini tun ina 'yar firamare, masu furanni ja da kore, an ɗora su bisa juna har suna neman taɓa rufi. Ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, ba don ci aka yi su ba. Duk Juma'a nake sauke su in goge in mayar.

Ya ce, "Igwa muke so."

Na yi tsalle na dire. Na ce, "Jeren nawa? A titi? Gaban ƙartin layi? Malam, ko dai sallamar nan ta taɓa maka kai ne?" Ya yi ta magiya, ya ce magariba ɗaya ce, ya ce a rufe za a jera su, ba mai taɓawa. Da na ƙi, sai ya ce a hankali, "In Baba ya sake gaisawa da ƙashin nan, ban san da wane ido zan ƙara fita ba." Na sauke su da hannuna, ina saukewa ina tsinewa Sifaniya da Amurka da ɗanwaken da ya kawo Madam gidana.

Da na shiga kuwa sai na shiga da ƙafa biyu. Na ce kwanon da ba tururi ba ya ruɗar kowa. Na tafasa ruwa, na jefa daddawa da albasa, na zuzzuba a samirun, na ɗan karkata murafen don ƙamshi ya fita.

Aka fito daga masallaci. Mazan layi kowa da kwanonsa a hannu suka doshi dakali, sai suka ci birki. Ga sabuwar tabarma a ƙofarmu, ga samiru reras suna walƙiya a hasken fitilar ƙwai, tururi na tashi, ga mutum uku sun harɗe kamar masu jiran gwamna. Baba ya hasko su da tocila daga tsallaken kwata.

"Akawu, suna aka yi ko biki?"

Malam ya gyara hula. "'Yanci aka samu, Baba. Duk mai son ya ci tuwonsa ba a yi wa matarsa jarrabawa ba, bisimilla."

Mai gyaran rediyo ne ya fara tsallakowa, wai zai duba ne kawai. Sai malamin firamare, sai mai faci, sai aka ɓarke. Duk wanda ya shiga zaure ya juye kwanonsa sai ya gane samirun nan ruwan daddawa ne zalla, amma ya riga ya tsallaka a gaban Baba, da wace fuska zai koma? Sai ya yi dariya ya zauna. Abin mamaki, da kwanukansu suka haɗu tiren ya cika har ya yi tozo. Baba ya rage shi da tsofaffi biyu da tocilarsa, yana haska kwano uku yana maimaita musu hukunci.

Ba zan ɓoye ba, makonnin nan sun yi mini daɗi. Jerena ya koma kabet, samira ɗaya ce ta ɓalgace a baki, na yafe. Kukata tana shiga ƙarƙashin kuɓewar wata ta ɓace, ba mai tambaya. Ƙashin nan ma na ba shi hutu. Malam ya dawo da muryarsa, ina jiyo shi ta taga yana warware wa mutane matsalar duniya, har ya fara fita neman ɗan aikin rubuta wa mutane takardu a bakin kotu. Abincin jamhuriya dai ba shi da kyan gani, gaskiya. Tuwon masara da taliya da shinkafa da wake da miya iri huɗu a tire guda, in ka kalle shi da rana ba za ka ci ba. Amma da magariba ake ci, kuma ba mai tocila.

Sai damina ta sauka. Ruwan Kaduna kuwa kamar yana jiran a ce assalamu alaikum a masallaci ne ya tsuge. Ƙofarmu ba rumfa, zaurenmu ba ya ɗaukar mutum biyar, kwata kuma da ta cika sai ta hau tabarma. Ran nan ruwa ya kama su tsakiyar ci, ministan tabarma ya sure tabarmarsa ya ruga, aka bar tire a waje malmala na iyo. Dakalin Baba kuwa yana da rumfar kwano. Aka fara jin wasu na cewa zagi dai ba ya jiƙa riga.

Daura da mu akwai sabon gidan wani Alhaji Bakano, ɗan kwangila, wanda shinkafa da madarar da mutane ke kwana a layi suna nema ta hannunsa suke bi. Gida ne mai faffaɗar baranda da doguwar fitila da janareto. Bai taɓa zama ciyayya ba, da baƙinsa yake ci a falo. Majalisar ministoci ta zauna ta yanke shawarar a je a roƙe shi aron baranda.

Na ce, "Malam, ka manta ƙarshen labarin Madam? Wannan fa shi ne Amurkar."

Ya ce, "Ke kin fiye baƙin baki. Inuwa kawai za mu ara. Alhaji ba shi da ƙuri'a a cikinmu."

Da ƙafarsu suka je, su uku, da manyan riguna. Alhaji ya karɓe su hannu bibbiyu. Ya ce baranda tasu ce, shi ba ruwansa da tsarinsu, hasali ma tsarin ya burge shi, in an yarda shi ma zai riƙa fito da ɗan abin da ya sawwaƙa. Malam ya dawo bakinsa har kunne, wai ƙasashen waje sun amince da su.

Ɗan abin da ya sawwaƙa ya fito: shinkafa dafa-duka da kaji, mai na naso. Aka juye a tire bisa doka. To, kuka tana ɓuya a cikin kuɓewa, amma cinyar kaza ba ta ɓuya a ko'ina. Hannuwa suka riƙa karo a gefe ɗaya na tiren, ɗaya gefen ba mai leƙawa. Ba a yi mako ba tela, tela fa, wanda aka kafa ƙasar da shi, ya miƙe ya ce, "Jama'a, a ji tsoron Allah. A zuba kuka bisa kaza? Wanga ba daidai na ba!" Aka kaɗa ƙuri'a a ware tiren Alhaji daban. Shugaban ƙasa shi kaɗai ya ɗaga hannu a ɓangarensa, direba ya duƙar da kai yana gyaran buta.

Daga nan malamin firamare ya ce shi ma taliyar gidansa ana cutarta. Mai gyaran rediyo ya ce matarsa ta yi rantsuwa ba za ta ƙara soya kifi a cakuɗa shi da na kowa ba. Ɗaya bayan ɗaya kwanuka suka koma zaman kansu, kowanne da murfinsa, kuma duk layin ba wanda bai san kwanon gidan kowa ba. Babban tiren ya dawo mini, na jingine shi a bayan randa. Yanzu sai a fara da na Alhaji a ƙoshi, sannan a ɗan taɓa na sauran don kada a ce an raina. Na koma wurin mahauci neman ƙashi.

Wata Juma'a bayan an sauko, aka ga motar Alhaji ta tsaya ƙofar Baba Dubagari, tafiyar da ba ta kai a tada mota ba. Aka shiga da turmin shadda da kujera mai hannu. Suka daɗe a zaure su biyu. Abin da ya fito shi ne, wai rabuwar kai ba kyau a layi ɗaya, Baba ya yafe wa yara, kuma ya bar wa Alhaji majalisar layin nan duniya da lahira. Ya bar masa! Kamar gonar gado. Shi kuma Alhaji ya ce girman Baba na nan, kujerarsa na baranda. Shugaban ƙasa a bakin mai sayar da kananzir ya ji labari.

Ranar Litinin na ba Madam labari a ofis, tana ta haɗa takardunta, don ita ma ta fara shirin komawa gida tunda kuɗinmu ya daina auki. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "An kira mijinki wurin zaman?" Na ce ko kusa. Ta gyaɗa kai ta ce, "Mu ma ba a kira mu ba." Ta miƙo mini jarrabawar aji uku in buga.

Na roƙi Malam ya haƙura da fitar. Ya ce shugaba ba ya gudu. Ya sa rigarsa ta zuwa ofis, ya ɗauki langar da kansa. Ni kuma na tsaya jikin taga ina jiran in ji da wane sabon zagi Baba ya dawo daga gudun hijira.

Baba yana kan kujerarsa mai hannu, cikin sabuwar shadda, tocila a cinya ko da yake fitilar Alhaji ta haske ko'ina. Aka jera kwanuka. Ya fara aikinsa, ya tsokani direba, ya tsokani tela, aka yi dariya, tela har da tafawa. Ya jawo langata. Kafin ya ɗaga murfin sai Alhaji ya yi gyaran murya.

Wallahi ba da mugunta ya yi ba, shi ya sa har yau na kasa yafe masa. Cikin taushin murya ya ce, "Malam Akawu, duk mun san halin da ake ciki, jarrabawa ce, Allah ya kawo mafita. Ni da Baba mun yi magana. Daga yau an ɗauke maka kwano. Ka bar wa yara su ci. Kai dai ka riƙa fitowa, abinci ga shi nan Allah ya hore, kai ɗan gida ne."

Aka amsa da "Allah ya saka da alheri, Alhaji," baki ɗaya, har da ministoci. Baba ya ɗaga murfin kaɗan, ya leƙa, ya mayar a hankali. Mutumin da bai taɓa ganin miya ya ƙyale ba, ranar bai ce komai ba. Ya tura langar gaban Malam da yatsa biyu. Da ya zage ta ma da na ji sanyi, don wadda ake zagi ana ci.

Malam ya ce, "Na gode, Alhaji." Ya zauna kaɗan don kada a ce ya yi fushi, bai sa hannu a tiren kowa ba. Sannan ya ce cikinsa ne ba daɗi, ya ɗauki langar ya tsallako. Ina jin Alhaji na cewa a bi shi da cinya biyu.

Ya shigo ya ajiye ta a tsakar ɗaki da nauyinta. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin yadda mijina yake cin tuwon dare ba sai ranar. Ya wanke hannu, ya ce in kira yara, muka kewaye langar. Ta taga muna jiyo tela yana ba da labarin ranar samiru, yana kwaikwayon muryar Malam yana cewa 'yanci aka samu, baranda ta ɗauka da dariya. Malam ya ci loma uku ya tsame hannu. Na so in ce ai na faɗa maka, maganar ta zo har bakina, na dubi fuskarsa na haɗiye ta da tuwon.

Washegari da yamma na auna garin masara kamar kullum, na tuƙa, na kwashe na yara, na cika langar fita na rufe, saboda hannu ya saba. Ya dawo daga masallaci ya same ta a bakin ƙofa inda yake ɗauka. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya cire hularsa ya rataye.

Ya ce, "Daga gobe ki rage awo. Mu kaɗai ne."

Na rage. Buhun masarar nan ya yi mana auki har ya kai mu kaka, kuma duk ranar da na sa kwano a cikinsa sai na yi kuka.